Ɗan bunsurun tagulla mai zobe a baya: gunki ne, laya ce, ko ado?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a falon wani dattijonmu a Riyad, inda 'yan gida kan taru a ci shinkafa a sha gahawa, sai wani yaro direba ya zaro wani abu daga aljihun jallabiyarsa ya ajiye a faranti, kusa da dabino. Ɗan bunsuru ne na tagulla, bai kai tsawon yatsa ba. Ƙahonninsa sun lanƙwasa har sun kusa taɓa gadon bayansa, ƙafafuwan a haɗe kamar zai diro daga kan dutse, a tsakiyar bayan kuma ga wani ɗan zobe daidai wurin zura zare. Jikinsa duk ya yi kore. Ya ce a haraj ya saya, wato kasuwar gwanjo, riyal 40, kuma mai kayan ya rantse masa cewa abin ya girmi zuwan Musulunci.

Dattijon ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce, "Kai ɗana, ɗauke mini gunkin nan daga kan abinci."

Wani tela da ke gefe ya yi dariya. "Haba Baba, wane irin gunki? Abin wuyan matan da ne."

Sai aka juyo kaina, don an san ni da yawon gidajen adana kayan tarihi. "Malam, raba mana gardama."

Gardamar Baba da tela kuwa ita ce masana tonon kufai suka kusa shekara ɗari suna yi a kan irin waɗannan ƙananan dabbobi na tagulla, su ma ba su gama ba.

Zoben nan na baya magana ɗaya tak yake yi: an ƙera ni don a rataye ni. A wuyan mace ne, ko na jariri, ko a linzamin doki, ko a jikin bangon ɗakin bauta, wannan bai faɗa ba. Abin da za a iya ƙarawa shi ne ba kayan banza ba ne. Tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da kuza, kusan kashi ɗaya na kuza cikin goma, wani lokaci a sa ɗan dalma don narkakken ƙarfen ya bi lungu-lungu. Jan ƙarfe akwai shi a duwatsun Oman tun fil azal, amma kuza sai an yi doguwar tafiya. Ƙirar ma wadda maƙeran Bida da na Binin suka sani ce: a sassaƙa dabbar da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu a bar 'yar kafa, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a ɗura tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Tunda sai an fasa, kowace dabba ita kaɗai ce, ba ta da tagwaye. Wanda ya biya kuɗin wannan wahala yana da dalili. Dalilin ne ake nema.

Mafi shaharar waɗannan kaya daga Luristan suke, ƙasar duwatsu a yammacin Iran. A ƙarshen shekarun 1920 mutanen ƙauye suka gano cewa Turawa na sayen abin da ke cikin tsofaffin kaburbura, sai aka shiga tono ba ji ba gani. Dubban kaya suka cika shagunan Faris ta Faransa da Landan: linzamai, gatura, allurai masu kan dabba, da 'yan awaki da tsuntsaye masu zobe irin na yaron nan. Yawancinsu an yi su tsakanin shekara ta 1000 da ta 650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Matsalar ita ce mutanen da suka ƙera su ba su bar rubutu ba, masu tonon kuma ba su rubuta inda suka tsinci komai ba. Da masana na farko suka ga siffar mutum riƙe da wuyan namun daji biyu, sai suka raɗa masa suna ubangijin dabbobi, wasu ma suka riƙa liƙa wa siffofin sunayen allolin Majusawa, alhali babu harafi ko ɗaya a jikin kayan da ya ce haka. Daga baya aka yi tono na ƙa'ida. Erich Schmidt ya haƙa wani ɗakin bauta a Surkh Dum a 1938, ya tarar da ɗaruruwan ƙananan kaya da aka cusa a daɓe da bango. Louis Vanden Berghe, ɗan ƙasar Beljiyam, ya haƙa maƙabartu daga 1965 zuwa 1979. Sai ga shi kayan tagulla suna fitowa a wurin bauta, suna fitowa a kabari. Ga kuma jabu, wanda wani masani a gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke New York, Oscar Muscarella, ya nuna cewa ya yi yawa har a manyan gidajen tarihi na duniya. Ka ga an gina tafsiri a kan abin da wani maƙeri ya zuba shekaranjiya.

A nan Jazirar Larabawa an fi sa'a, don mutanen kudu marubuta ne. Suna da rubutun Musnad mai haruffa 29, sun kuma bar dubban rubuce-rubuce a duwatsu da allunan tagulla. Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Ƙasa da ke unguwar Murabba, wanda aka buɗe a 1999, zai ga kayan Ƙaryatul Fau, wani babban zango na ayarin turare da ke bakin hamadar Rub'ul Khali, wajen kilomita 700 kudu maso yammacin Riyad. Nan ne cibiyar masarautar Kinda ta farko. Marigayi Farfesa Abdurrahman al-Ansari da ɗalibansa na jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Sarki Sa'ud suka fara haƙa shi a 1972, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Abin bautar garin sunansa Kahl, har rubutun Saba'awa ke kiran garin Ƙaryat Zat Kahl. To amma a cikin tagullar da aka tono akwai siffar Hirƙal, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa, da ta Harbokrat, abin bautar Masar mai siffar yaro da yatsa a baki. Garin fatake ne, kaya na shigowa ta kowace kusurwa. Abin da ake durƙusa wa a Iskandariyya yana iya isowa Fau a matsayin tsaraba. Wanda ya taɓa ganin yadda tsarabar Makka ke sauya aiki in ta isa Kano, darduma ta koma adon bango, ba zai yi mamaki ba.

Dabbobin da suka fi yawa a fasahar kudu su ne bijimi da bunsurun dutse, wanda Larabawa ke kira wa'il, sai raƙumi, zaki da maciji. A farkon 2023 Hukumar Kayan Tarihi ta Saudiyya ta sanar da tono kan bijimi na tagulla a Ukhdud ta Najran, tare da zobba uku na zinariya da wani dogon rubutun Musnad. Bijimi da wa'il suna da alaƙa da Almaƙah, babban abin bautar Saba, wanda ɗakinsa ke Ma'arib, wurin da mutanen yankin ke kira Mahram Bilƙis. An jera kawunan wa'il a kan duwatsun gine-ginen bauta kamar zanen bakin riga. Shekaru da yawa littattafai na cewa Almaƙah allan wata ne, hujjar kuwa har da cewa ƙaho ya yi kama da jinjirin wata. Daga baya wasu masana, irin su Giovanni Garbini da Jacqueline Pirenne, suka ce a'a, alamominsa sun fi karkata ga rana. Abin bautar da sunansa ya zo a ɗaruruwan rubuce-rubuce ke nan, ana ja-in-ja a kan ko wata ne ko rana, balle ɗan bunsurun da babu ko ɗigo a jikinsa.

Shi wa'il akwai wani zare da ya fi ƙarfi. Sarakunan Saba na farko sun rubuta cewa sun fita farauta ta ibada domin Astar, abin bautar da ake roƙo ruwan sama. A ƙarni na 20 wani Bature masanin Larabci, R. B. Serjeant, ya tarar mutanen Hadramaut na farautar wa'il da bukukuwa, tsofaffinsu kuma na ɗaura zuwan ruwa a kan farautar. Saboda haka in an ce wa'il na tafe da ma'anar damina da yalwa a wannan yanki, magana ce mai tushe.

Inda na fi so mu tsaya shi ne wurin raƙuma, don nan ne maganar Baba ta gunki ke buƙatar gyara. Akwai wata ƙabila, Amir, makiyayan raƙuma da ke tsakanin Najran da Jauf, abin bautarsu Zu Samawi. Sun riƙa kai masa 'yan raƙuma na tagulla da na dutse. A ɗakin Almaƙah ma rubuce-rubuce sun cika da irin wannan: wane ɗan wane ya miƙa wannan siffa ta bijimi, ko ta doki, ko ta raƙumi, domin lafiyarsa da lafiyar dabbarsa, ko don ya dawo daga yaƙi lafiya, ko don an ba shi ɗa namiji. Bahaushe na da kalmar wannan, bakance. Mutum ya yi alkawari cewa in taguwarsa ta tashi daga ciwo zai kai abu, ta tashi, ya kai. Ɗan raƙumin nan ba shi ake yi wa sujada ba, wakilin raƙumin mai shi ne, an ajiye shi gaban abin bauta don ya zama shaida. Shirka ce, babu ko tantama, sai dai gunkin yana can cikin ɗaki, wannan kuwa kuɗin cika alkawari ne. A gidan tarihi na Birtaniya akwai hannun dama na tagulla, har da jijiyoyi da farata, wanda wani mai suna Wahab Ta'alab ya miƙa wa abin bautarsu Ta'alab Riyam domin neman lafiya, rubutun na kwance a bayan hannun. Ba wanda zai ce hannu suke bauta wa.

Wani abin dariya a nan: kalmar da Saba'awa ke rubutawa a kan waɗannan siffofi ita ce zahab, wadda duk mai ɗan Larabci zai fassara da zinariya. A harshensu tagulla take nufi. Mai karatu da gaggawa sai ya ɗauka Ma'arib cike take da raƙuman zinariya.

Kayan bakance dai yawanci a tsaye suke, an kafe ƙafafunsu a kan dutse mai rubutu. Mai zobe na rataye daban ne, ya fi kusa da jikin mutum. A nan ma kudu ta bar mana shaida. Akwai wata gajeriyar jimla, Wadd ab, ma'ana Waddu uba ne, da ake samu a bangon gidaje da jikin ƙananan abubuwan ratayawa, ana neman tsari da ita. Laya ce sak, bambancinta da wadda muka sani shi ne abin da aka rubuta a ciki. Waddun nan kuwa ba baƙo ba ne ga wanda ya yi haddar Suratu Nuhu, aya ta 23 ta ambace shi tare da Suwa'u, Yagusu, Ya'uƙu da Nasru. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa sunayen salihan bayi ne na mutanen Annabi Nuhu (AS), daga baya gumakan suka koma hannun Larabawa: Waddu na Kalb a Dumatul Jandal, Suwa'u na Huzail, Yagusu na Murad, Ya'uƙu na Hamdan, Nasru na Himyar. Wasu malaman tafsiri sun kawo cewa Yagusu siffar zaki gare shi, Ya'uƙu ta doki, Nasru ta mikiya, Waddu kuma ta namiji. Nan ne masu saurin yanke hukunci ke zamewa, su ga ɗan zaki na tagulla su ce ga Yagusu. A fasahar mutanen kudu dabbar da ke tafiya da Waddu maciji ce, alhali tafsiri ya ce siffar mutum gare shi. Gari da gari, ƙarni da ƙarni, alama na canzawa.

Hujja mafi kusa da mu a kan abin da Larabawa ke nufi da rataye-rataye tana cikin littattafan da muka karanta a zaure. A Bukhari da Muslim, Abu Bashir al-Ansari (RA) ya ce a wata tafiya Manzon Allah (SAW) ya aika manzo cewa kada a bar abin wuya na tsirkiya a wuyan raƙumi face an tsinke shi, Imamu Malik kuma ya ce yana ganin saboda kambun baka ake ratayawa. Imamu Ahmad ya kawo labarin mutumin da aka gani da ƙawanya ta tagulla a hannu, ya ce ta maganin wani ciwo ce da ake kira wahina, aka umarce shi ya cire. Akwai kuma hadisin da ya ambaci mai rataya tamima, wato laya, da mai rataya wada'a, ita wada'a kuwa wuri ce, wurin nan dai da kakanninmu ke ɗaura wa jariri. Littattafan adabi sun ce suna rataya wa yara haƙorin yanyawa da na kyanwa, manya kuma su ɗaura ƙashin idon sawun zomo don aljanu su kauce. Har akwai baitin da ake danganta wa Imru'ul Ƙais, ɗan gidan sarautar Kindar nan, yana yi wa mai neman zomo saboda tsoron mutuwa ba'a. Duk wannan ya nuna cewa abin da aka rataya a jiki, tsari aka fi nema da shi: daga baki, daga ciwo, daga iska. Duk da haka ba kowane rataye ne camfi ba, ga ƙala'id a Suratul Ma'ida, alamar da ake sa wa dabbar hadaya a wuya don a san ta Ɗakin Allah ce kada a taɓa.

In muka waiwaya gida za mu ga yadda siffa ɗaya ke ɗaukar aiki iri-iri. Kan damisa na tagulla da hakiman Binin ke ratayawa a kwankwaso shaidar muƙami ce daga Oba. Kotoko na bakin Tafkin Chadi suna da ɗan mahayin doki na tagulla, ƙarami ƙwarai, da ake ɗinke shi cikin fata a rataya wa mai taɓin hankali. Da a ce babu Kotokon da ya rage ya yi bayani, wani masani zai tono shi ya ce allan yaƙi ne. A Sudan, sarakunan Kush irin su Taharƙa, wanda ya yi mulki daga 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa, suna rataya igiya mai kawunan rago, kuma nan babu gardama, ragon na abin bautarsu Amun ne na Jabal Barkal, don rubutu da zanen bango sun faɗa. Amma a Karma, wani tsohon birni a Sudan ɗin, an sami manyan ƙudaje na rataya a kaburburan mutanen da aka binne da makamai, masana da yawa na ganin lambar jarumta ce, saboda nacin ƙuda.

Ni dai a nawa ganin, ɗan dabba mai zobe, ƙarami, marar rubutu, ya fi kusa da laya da kambu fiye da gunki, kuma tela bai yi kuskure ba da ya ce ado ne, don a wancan zamani ba a raba biyun. Mace ta rataya abu don ya yi mata kyau kuma ya kare ta, kamar yadda layun dokin hawan salla suke ado suke tsari. Abin da ke fayyace aikin kowane guda abu uku ne. Inda aka same shi: a ƙirjin gawar yaro, ko a tsakanin tokar turare gaban bagadi, ko haɗe da linzami. Sai rubutu, in akwai. Sai cin zobe, domin abin da ya shekara ashirin yana lilo a zare, cikin zobensa kan side ta sama ya yi siriri, wanda aka ƙera don a binne ko a ajiye kuwa zobensa garau yake. Na farkon nan, wanda ya fi sauran nauyi, shi ɓarawon kabari ke hallakawa da shebur ɗaya. Shi ya sa dokar kayan tarihi ta Saudiyya ta 2014 ta hana tono da cinikin irin waɗannan kaya ba da izini ba, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci wani abu ya sanar da hukuma. Mu baƙi musamman, bai kamata a kama mutum da irin wannan a jaka a filin jirgi ba.

Da na kai nan sai yaron ya tsorata, ya ce, "Malam, to ni yanzu ya zan yi?"

Na ce ya miƙo. Na kai shi bakin taga na juya cikinsa. Wani siririn layi ya bi ta ƙarƙashin wuya har wutsiya, inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu, an ɗan goge shi da zarto. Na lakaci ruwan gahawa na murza ƙaho da babban yatsa, sai koren ya biyo hannuna, ƙarfe mai ƙyalli kamar sabon famfo ya leƙo. Tsatsar shekara dubu biyu ba ta fita da gahawa, takan ci jikin ƙarfen ne ta zama ɗaya da shi. Cikin zoben kuwa da kaifinsa, zare bai taɓa kwana a ciki ba.

Na ce, "Kwantar da hankalinka. Wannan ko kai ka girme shi."

Falon ya kwashe da dariya, tela har da tafi. Yaron ya ce to shi ke nan, tunda ba na da ba ne zai rataye shi a madubin mota, kada riyal 40 ɗinsa su tafi a banza. Baba ya ajiye finjalinsa.

"A madubin mota? Don ya yi maka me?"

"Ado kawai, Baba."

"Haka su ma suka fara cewa. Miƙo shi nan."

Ya karɓa da gefen hiraminsa, ya jefa a aljihun tebur inda yake tara tsofaffin makullai, ya tura aljihun ya rufe, ya ce a zubo shinkafa.